F3, n ko Ctrl+S: wane tsarin bincike za ka saba wa hannunka a edita?

Ka ɗauka kana cikin edita, wato manhajar da masu shirya manhaja ke rubutu a cikinta, ka buɗe fayil mai layi kusan dubu, kana bin wani suna, a ce `adadi`, kana duba duk inda aka taɓa shi. Ka danna Ctrl+F, ka rubuta sunan, ka wuce na farko, ka wuce na biyu. A na uku ka hango kuskure, ka shiga cikin rubutun ka gyara. Yanzu kana son na huɗu. Me hannunka zai danna? In ya danna Enter, ka raba layi gida biyu, domin ka riga ka fita daga akwatin bincike. In ya sake danna Ctrl+F, akwai editocin da za su zubar da `adadi` su ɗauki kalmar da manunin rubutu yake tsaye a kanta, ka ci gaba da bin abin da ba shi ka fito nema ba.

A wannan ɗan tsakanin nake auna edita. Maɓallin da ke buɗe bincike ba shi ne matsala ba, kowa yana koyonsa a rana ɗaya. Abin da ke cin rai shi ne abin da ke biyo baya: wane maɓalli ne ke kai ka gaba, shin yana aiki ko ina manuni yake, me ke shiga akwatin ba tare da ka sa shi ba, kuma ina za ka tsinci kanka idan ka fasa. Editocin da ake yayi sun rabu gida uku a kan waɗannan, kuma wanda ke yawo tsakaninsu dole ya zaɓi gidan da zai zauna.

Gidan Ctrl+F da F3

Nan ne mafi yawan mutane suke. VS Code, Sublime Text, Notepad++, Visual Studio da editocin JetBrains irin su IntelliJ IDEA da PyCharm duk sun yarda a kan abu uku: Ctrl+F ya buɗe bincike, F3 ya kai ka gaba, Shift+F3 ya dawo da kai baya. Sun kuma yarda cewa Ctrl+Shift+F na neman kalma a cikin fayiloli da yawa. Burauzoci ma sun san F3 a Windows da Linux. Wannan yarjejeniya ba ƙaramin abu ba ce, kuma amsar tambayar da na fara da ita tana nan: F3 na aiki kana cikin akwatin, yana aiki kana cikin rubutun, yana aiki bayan ka rufe akwatin. Enter kuwa sai kana cikin akwatin. Duk wanda ya saba bin sakamako da Enter ya ɗora hannunsa a kan maɓallin da ke da fuska biyu.

Daga nan sai kan 'yan gidan ya rabu. Musanya kalma da wata Ctrl+H ne a VS Code, Sublime Text da Notepad++, amma Ctrl+R ne a JetBrains, inda Ctrl+H ke yin wani aiki na daban. Eclipse ya yi nasa daban: F3 a wurinsa tsalle ne zuwa inda aka ayyana suna, ci gaba da bincike kuma Ctrl+K ne, Ctrl+H na buɗe babban allon bincike.

Wanda ya fi haɗari shi ne Ctrl+D. A Sublime Text, wanda Jon Skinner ya fitar a 2008, yana zaɓar kalmar da kake kai, in ka sake dannawa ya ƙara maka ta gaba mai kama da ita, har ka gyara wurare biyar a lokaci guda. VS Code, da ya fito a 2015, ya ɗauki wannan ɗabi'a yadda take. A JetBrains da Notepad++ Ctrl+D na kwafin layi ya ajiye a ƙasansa. A Eclipse goge layin yake yi. A taminal kuma, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in layin umarni babu komai, rufe zaman yake yi gaba ɗaya. Wanda ya saba danna shi sau huɗu a jere don ya tattara sunaye, in ya yi hakan a editan da ke gogewa, layi huɗu sun tafi kafin ido ya gani. A JetBrains aikin da yake nema yana kan Alt+J.

Abin da ke shiga akwatin da kansa shi ne inda na fi daɗewa ina gwaji. Sublime Text na ɗaukar abin da ka zaɓa ne kawai; in ba ka zaɓi komai ba, tsohon bincikenka na nan. VS Code yadda ya zo yana ɗaukar abin da ka zaɓa, in babu kuma ya ɗauki kalmar da manuni ke kai. Ga mai saurin duba suna ɗaya wannan daɗi ne: ka tsaya a kan suna, ka danna, ya fito. Amma ka yi tunanin ka zauna ka haɗa dogon tsarin regex, wato bincike da alamomi masu kama duk rubutu mai siffa ɗaya, ka gwada shi har ya kama abin da kake so, ka leƙa cikin rubutu ka gyara wani abu, ka danna Ctrl+F don ka koma, sai ka tarar da wata kalma ta zauna a wurinsa. Bai ɓata ba, kibiyar sama a cikin akwatin tana dawo da binciken baya, sai dai zaren tunaninka ya riga ya tsinke. Saitin da ke kula da wannan shi ne `editor.find.seedSearchStringFromSelection`, kuma yana karɓar `always`, `selection` ko `never`. Ni `selection` nake sawa, kuma shi nake ba kowa shawara: akwatin ba zai sauya ba sai ka nuna da hannunka cewa ga abin da kake so. Neman kalmar da kake kai kuwa yana da nasa maɓallin, Ctrl+F3, wanda kusan duk 'yan gidan nan suka yarda da shi. Aiki biyu, maɓalli biyu, kowane da ma'ana ɗaya.

Akwai kuma rashin daidaito a cikin edita ɗaya, wanda ba a cika magana a kansa ba. A VS Code akwatin binciken fayil da allon binciken folda abu biyu ne masu zaman kansu. Kowane yana da Alt+C na bambanta babban harafi da ƙarami, Alt+W na cikakkiyar kalma, Alt+R na regex, amma kunna ɗaya a nan ba ya kunna shi a can. Injin ma ba ɗaya ba ne: akwatin fayil yana amfani da regex na JavaScript, binciken folda kuma yana tafiya a kan ripgrep, manhajar da Andrew Gallant ya rubuta da Rust. Binciken folda yana tsallake abin da ke cikin `.gitignore`, fayil ɗin da ke lissafa fayilolin da za a yi watsi da su, shi ya sa wani lokaci za ka rantse kalma na cikin aikin amma ya ce babu. Bin sakamakonsa F4 ne, ba F3 ba. Sannan a taminal ɗin da ke cikin editan, Enter sama yake hawa da kai maimakon ƙasa. Akwai hikima a ciki, tunda sabon saƙo a ƙasa yake kuma abin da kake nema yana sama, amma hannu bai san hikima ba, abin da ya saba ya sani.

Masu Mac suna da wani gata da ya kamata su rungume. Cmd+G na gaba, Cmd+Shift+G na baya, Cmd+E kuma na ɗaukar abin da ka zaɓa ya mai da shi abin nema ba tare da ya hana ka ci gaba da rubutu ba. Tsarin macOS yana da allon bincike na bai ɗaya, ta yadda abin da ka ɗauka da Cmd+E a wata manhaja za ka iya binsa da Cmd+G a wata. A VS Code sai ka kunna `editor.find.globalFindClipboard` kafin ya shiga wannan layi. Musanya a can ba Cmd+H ba ne, domin Cmd+H ɓoye manhaja yake yi.

Raunin gidan F3 na jiki ne. Maɓallin yana can saman allo, sai hannu ya tashi daga wurinsa, kuma a kwamfutocin cinya da yawa sai ka haɗa da Fn, in ba haka ba sauti ko hasken fuska za ka taɓa. Wanda zai zauna a gidan nan ya fara juya wannan saitin a kwamfutarsa.

Gidan / da n

Vim, da Bram Moolenaar ya fitar a 1991 a kan tsarin vi na Bill Joy, ba shi da akwatin da zai riƙe ka. Ka danna `/`, ka rubuta, ka danna Enter, ka dawo cikin rubutu nan take. Daga nan `n` na kai ka na gaba, `N` na juyawa. Matsalar da na buɗe da ita ba ta taso ba sam, domin babu wani wuri na biyu da manuni zai maƙale. Ka gyara abin da za ka gyara, ka danna Esc, ka danna `n`. Abin da kake nema ba ya sauyawa sai ka sauya shi da `/`, ko `?`, ko `*` da `#` masu neman kalmar da kake kai. Kuma `*` cikakkiyar kalma yake nema, don haka `adadi` ba zai kama `adadi_duka` ba. In ka kunna `incsearch`, fuska na tsalle tana nuna maka sakamako kana rubutu, amma da ka danna Esc za ka koma daidai inda ka taso. Bayan ka yi tsallen ma, Ctrl+O na mai da kai.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda bincike ya zama sassan gyara. Ka nemi suna, ka danna `cgn`, ka rubuta sabon suna, ka danna Esc. Daga nan ɗigo ɗaya, wato `.`, na gyara na gaba, `n` na tsallake wanda ba ka so. Kana kallon kowane wuri kafin ka taɓa shi. Aikin Ctrl+D ne, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma a dogon fayil na fi natsuwa da shi fiye da manunai goma da rabinsu ba sa cikin abin da ido ke gani.

Babbar ribar gidan nan ita ce yaɗuwarsa a taminal. `less`, manhajar karanta dogon rubutu a taminal, na amfani da `/`, `n` da `N`, shafukan `man` na bayanin umarni ma haka, tunda galibi ta cikin `less` ake karanta su, kuma fitowar `git log`, wato tarihin sauye-sauyen da aka yi wa aiki, takan bi ta nan. Kusan duk sabar Linux, wato kwamfutar da ake shiga daga nesa, da ka shiga za ka tarar da vi ko ɗan'uwansa. Wanda rabin yininsa a kan sabar yake, hannunsa zai koyi wannan ko ya so ko bai so ba.

Sai dai Vim ma yana da nasa karkacewar. `n` ba "ƙasa" yake nufi ba, "yadda ka faro" yake nufi. In ka fara da `?` ko `#`, `n` sama zai hau, `N` ya sauka. Wasu suna son haka. Ni ina ganin nauyi ne a ce sai na tuna ta ina na fara bincike minti biyar da suka wuce, kuma layi biyu a fayil ɗin saiti na warware shi:

`nnoremap <expr> n 'Nn'[v:searchforward]`
`nnoremap <expr> N 'nN'[v:searchforward]`

Na biyu kuma, in ka sa `ignorecase` da `smartcase`, bincike ba zai damu da girman harafi ba sai ka rubuta babban harafi da kanka. Amma `smartcase` ba ya shafar `*`, don haka kalma ɗaya za ta iya ba ka sakamako iri biyu dangane da yadda ka neme ta. Regex ɗinsa ma yare ne na daban, inda baka da alamar tarawa ke buƙatar karkatacciyar sanda a gabansu kafin su yi aiki na musamman, sai dai ka fara da `\v`. Neovim, wani sabon reshe na Vim, ya kunna `hlsearch` mai haskaka sakamako da `incsearch` tun daga farko, wanda ya rage wa sabon shiga wahala. Kuma kada a manta, Ctrl+F a Vim shafi ɗaya yake gangarawa da kai.

Gidan Ctrl+S

Emacs shi ne ya fi kowa tsayawa a kan magana ɗaya, kuma shi ne ya fi wuyar fita da shi waje. Ctrl+S na fara bincike gaba, yana tsalle da kowane harafi da ka rubuta. Ka sake danna Ctrl+S, na gaba. Ctrl+R na komawa baya, kuma kullum baya ne, ba ruwansa da yadda ka faro. Ctrl+S sau biyu a jere na maimaita binciken ƙarshe. Enter na ajiye ka inda ka iso, Ctrl+G na fasawa ya mai da kai inda ka taso. In ka kai ƙarshen fayil ba ya zagayowa a ɓoye: zai tsaya ya ce ya gaza, sai ka sake dannawa sannan ya koma sama. Wannan ɗan tsayawar tana hana ka zagaye fayil sau biyu ba ka sani ba, kuma da ma kowane edita ya yi koyi da ita. A VS Code abin da ya fi kusa shi ne kashe `editor.find.loop`, a Vim kuma `nowrapscan`, amma su hana zagayen suke yi ɗungurungum.

Matsalar ita ce duniya ta riga ta ba Ctrl+S ma'anar adana fayil, Ctrl+R kuma sabunta shafi a burauza, maimaita abin da aka warware a Vim, musanya a JetBrains. A taminal da yawa Ctrl+S daskarar da fuska yake yi sai an danna Ctrl+Q. Inda hannun mai Emacs ke jin yana gida a waje shi ne Bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, inda Ctrl+R ke laluben umarnin baya da irin wannan salo. Don haka gidan nan na wanda zai tare a cikinsa ne: ya rubuta manhaja a Emacs, ya karanta fayiloli a Emacs, ya yi git a Emacs. In haka kake, ba ka da abin gyarawa. In rabi da rabi kake, shi ne zaɓin da zai fi gajiyar da kai.

Nano ya cancanci a ambace shi a taƙaice, domin shi ne yakan buɗe wa mutum ba zato a kan sabar. Shekara da shekaru bincikensa Ctrl+W ne, maɓallin da ke rufe shafi a burauza da editoci da dama. Sigar 8.0 da ta fito a 2024 ta ɗora bincike a kan Ctrl+F, amma sabar da ba a sabunta ba tana nan da tsohon hali.

To, wanne?

Hanya uku ce a gabanka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko, ka bar kowane edita yadda ya zo, ka koyi halin kowa. Tana da amfani ɗaya na gaske: duk kwamfutar da ka zauna a kai, ko ta abokin aiki ce, za ka iya aiki, kuma duk bayanin da ka karanta zai dace da abin da ke gabanka. Ga mai edita ɗaya wannan ta isa, ya gyara saitin akwatin kawai. Ga mai editoci biyu da Ctrl+D ɗinsu ya saɓa, ban yarda da ita ba. Mutum yana iya riƙe taswira biyu a kai lokacin da yake da natsuwa, amma lokacin da ake neman kuskure cikin gaggawa hannu ne ke tuƙi, kuma hannu taswira ɗaya ya sani.

Ta biyu, ka zaɓi editan da ka fi daɗewa a ciki, ka ja sauran su bi shi. Wannan ba wuya. JetBrains na da jerin taswirorin maɓallai na wasu editoci, har da na VS Code, Eclipse, Emacs da Visual Studio. VS Code ma yana da ƙarin da ke kawo maɓallan IntelliJ, Sublime Text da Notepad++, kuma Ctrl+K sannan Ctrl+S na buɗe wurin da za ka sauya kowane maɓalli. Abin lura a nan shi ne taswira tana daidaita maɓalli ne, ba ta daidaita hali. Za ka iya sa Ctrl+F ya buɗe bincike a ko'ina, amma abin da zai cika akwatin, da zagayowa a ƙarshe, da bincike a cikin abin da ka zaɓa, sai ka bi saituna ɗaya-ɗaya. A VS Code ka duba `editor.find.autoFindInSelection`, a Sublime Text `auto_find_in_selection`. Ka tabbata ka san halin kowanne kafin ka danna musanya duka, domin bambancin gyara layi goma da gyara fayil gaba ɗaya a nan yake. Ga mafi yawan masu karanta wannan, musamman wanda bai daɗe da farawa ba, wannan hanya nake so, a kan F3 ko Cmd+G.

Ta uku, ka ɗauki Vim ka shimfiɗa a ko'ina: IdeaVim a JetBrains, ƙarin Vim a VS Code, Evil a Emacs. Ita ce kaɗai ke ba ka hali ɗaya daga editan tebur har sabar da `less`. Kuɗinta makonni ne na tafiyar hawainiya, sannan rigimar maɓallai tsakanin kwaikwayon Vim da editan da ya sauka a ciki. Ctrl+F na wane ne, gangara shafi ko buɗe akwati? Dole ka yanke hukunci da kanka, da `vim.handleKeys` a VS Code ko `sethandler` a IdeaVim. Kuma kwaikwayon yana ƙarewa a bakin rubutu: da ka shiga allon binciken folda ko jerin fayiloli, dokar mai gida ce ke aiki. Ban ga dalilin da mutum zai koyi Vim don bincike kaɗai ba. Amma wanda ya riga ya iya, ko wanda aikinsa ke kai shi sabar kullum, bai kamata ya raba hannunsa biyu ba.

Kafin ka yanke, ka yi wannan gwajin a kowane editan da kake amfani da shi, ba zai ci minti biyar ba. Buɗe fayil, nemi suna, je na uku, gyara harafi ɗaya, sannan ka nemi na huɗu ba tare da taɓa linzami ba. Matsar da manuni kan wata kalma, sake buɗe bincike, ka ga ko abin da ka rubuta na nan. Fara sabon bincike, ka fasa a tsakiya, ka duba layin da ka tsaya. Zaɓi layi biyar, buɗe musanya, ka karanta adadin wuraren da ya ce zai taɓa. Rubuta amsoshin a takarda, edita kusa da edita. Duk inda amsa biyu suka saɓa, nan ne saitin da za ka fara gyarawa, kuma in ɗayansu yana goge layi da Ctrl+D, da shi za ka fara.